Gwajin aikin ƙwaƙwalwa ga yara da matasa: me ake aunawa, kuma wane yaro ke bukatar sa?

Kusan kowane aji na lakwal ɗinmu yana da irin wannan yaro. Yana zaune a tebur na baya, ya maimaita aji sau ɗaya ko biyu, mushe ya gaji da shi, a gida kuma an riga an yanke cewa daƙiƙi ne ko malalaci. Wasu iyayen sai su ƙara masa bulala. Wasu su nufi wurin mai magani da zaton iska ce ko sammu. Wasu kuma su cire shi su kai shi gareji ko kasuwa, idan yarinya ce a fara zancen aure. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da ke hana shi ganewa ba.

Lokacin da nake firamare akwai wani abokin zamana da babu mai kama ƙafarsa wajen ƙera mota da kara da waya, har da sitiyari mai juya tayoyi. Amma da an kira shi gaban allo ya karanta layi biyu sai gumi ya karyo masa. Ya sha duka har ya gaji, ya bar lakwal a aji na CE2. Cikinmu, yara da manya, babu wanda ya yi tunanin cewa mai iya ƙera wannan mota ba zai zama marar basira ba.

Akwai binciken da aka tanada domin irin wannan yaro. Likitoci na kiran sa bilan neuropsychologique da Faransanci, mu kuwa a nan za mu kira shi gwajin aikin ƙwaƙwalwa.

Mene ne shi?

Ba a ɗibar jini, ba a yin allura, ba a sa wa yaro wata na'ura a ka. Hoton sikana ko na IRM yana nuna siffar ƙwaƙwalwa, ko akwai ƙari, ko jini ya zuba. Awon EEG yana nuna motsin lantarkin da ke cikinta, shi ya sa ake amfani da shi wajen gano farfaɗiya. Shi kuwa wannan gwaji yana duba yadda ƙwaƙwalwar ke aiki ne idan aka ba ta abin yi. Kamar bakanike ne: kallon inji daban, hawa babur ɗin a zagaya da shi a ji inda yake shaƙewa daban.

Mai yin gwajin masanin halayyar ɗan Adam ne da ya ƙara karatu kan alaƙar ƙwaƙwalwa da ɗabi'a. Yakan zauna da yaron su biyu a ɗaki marar hayaniya, ya ba shi ayyuka iri-iri: tambayoyi, zane, jera ƴan katakai, maimaita lambobi, neman wata alama cikin takarda. Kowane aiki akwai ƙa'idar yadda ake ba da shi da yadda ake ba shi maki, domin a iya kwatanta yaron da sa'o'insa.

Tushen abin shi ne cewa basira ba dunƙulallen abu ɗaya ba ce. Akwai mai da hankali. Akwai riƙe abu a ka na ɗan lokaci ana aiki da shi, kamar yaron da aka aika kanti da saƙo uku. Akwai ajiye abu na dogon lokaci, kamar hadda. Akwai harshe, wato gane magana da iya furta ta. Akwai gane siffofi da wurare da ido. Akwai saurin aiki, da ƙwarewar yatsu. Sai kuma abin da za a iya kira shugabancin kai: tsara aiki, farawa da na farko kafin na biyu, danne zuciya, da sauya dabara idan ta farko ta ƙi. Ɗaya daga cikin waɗannan na iya samun rauni sauran suna lafiya lau, kuma raunin guda ɗaya ya isa ya rusa wa yaro karatu.

Daga ina abin ya samo asali?

Bayan dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 sun mai da karatun firamare kyauta kuma tilas a Faransa, azuzuwa sun cika da yaran da ba sa iya bin darasi. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwaji na farko a Paris domin gano yaran da ke bukatar taimako na musamman. Binet da kansa ya yi gargaɗin kada a ɗauki sakamakon a matsayin hukuncin da ba ya sauyawa, domin manufarsa ita ce a taimaki yaro.

A Tarayyar Sobiyet, Alexandre Luria ya yi nazarin sojojin da suka samu rauni a ka lokacin yaƙin duniya na biyu, ya nuna yadda lalacewar kowane sashe na ƙwaƙwalwa ke taɓa wani aiki na daban. A Amurka, David Wechsler ya fitar da gwajin WISC na yara a 1949. Bugu na biyar ya fito a 2014, fassararsa ta Faransanci a 2016, kuma ana yin sa ga yara daga shekara 6 zuwa 16. Wata masaniya ƴar ƙasar Finlan, Marit Korkman, ta ɗora kan aikin Luria ta tsara gwajin NEPSY, wanda bugunsa na biyu ya shafi yara daga shekara 3 zuwa 16. Waɗannan su ne kayan aikin da aka fi samu a hannun masanan da suka yi karatu da Faransanci.

Yadda ake gudanar da shi

Matakin farko hira ce da iyaye, kuma a nan uwa ta fi kowa sani. Yaya cikin ya kasance? Haihuwar ta yi tsawo? Jaririn ya yi kuka nan take? Yaushe ya fara zama, tafiya, magana? Ya taɓa yin jijjiga, ko doguwar suma, ko sanƙarau, ko tamowa? Ya taɓa faɗowa ya bugu a ka? Wane harshe ake yi a gida? Yana barci sosai? Akwai wani a dangi mai irin wannan matsala? Ana kuma duba karnen asibiti, da takardun sakamakon lakwal, da kaye-kayen da yaron ke rubutu a ciki.

Mataki na biyu shi ne tabbatar da cewa ido da kunne lafiya suke. Yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa, ko wanda ba ya hango allo daga baya, zai yi kama da marar fahimta alhali tabarau ko maganin kunne yake bukata.

Sai gwajin kansa. Ga kaɗan daga cikin abubuwan da ake yi. A ba yaro ƴan katakai masu ja da fari ya jera su su yi daidai da hoton da ke gabansa, ana duba agogo. A faɗa masa lambobi ya maimaita, sannan ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. A tambaye shi abin da ya haɗa abubuwa biyu, misali mangwaro da lemo. A nuna masa wani zane mai sarƙaƙiya da André Rey ya ƙirƙiro a 1941, ya kwafe shi, bayan ƴan mintuna a ɗauke a ce ya sake zana shi da ka. A nan ba kyan zanen kaɗai ake kallo ba, ana lura da inda ya fara: da babban gida ya fara, ko da ƴan ƙananan layuka barkatai? Akwai gwajin Stroop na 1935, inda ake rubuta sunan wani launi da tawadar wani launi dabam, a ce yaro ya faɗi launin tawadar, kada ya karanta kalmar. Wannan yana auna iya danne amsar da ta fara zuwa baki. Ga ƙananan yara akwai wanda ake cewa su tsaya cik ido rufe na daƙiƙa 75, mai gwajin yana tari ko yana yar da biro don ya ga ko za su motsa. A fannin karatu kuma akwai gwajin Alouette na 1967: rubutu mai kalma 265 da ba shi da wata ma'ana a dunƙule, a karanta cikin minti uku, ta yadda yaro ba zai iya cankar kalma ta gaba ba.

Manyan sassa goma na WISC kaɗai sukan ɗauki sama da awa guda. Cikakken gwaji kuwa yakan ci awowi da dama, shi ya sa ake raba shi zama biyu ko uku, galibi da safe. Ana kuma ba iyaye da malamin aji takardun tambayoyi kan yadda yaron yake a gida da lakwal. Daga ƙarshe masanin ya rubuta rahoto, ya zauna da iyaye da yaron ya yi musu bayani.

Yadda ake karanta sakamako

An tsara makin ne ta yadda matsakaici zai zama 100. Kimanin kashi biyu cikin uku na yara suna faɗawa tsakanin 85 da 115. Kimanin biyu cikin ɗari ne ke ƙasa da 70, haka ma sama da 130. Maki 100 ba ya nufin yaro ya ci komai, yana nufin yana tsakiyar sa'o'insa ne. Kowane maki kuma yana da ƴar rata ta kuskure sama ko ƙasa, saboda haka babu wani bambancin kirki tsakanin mai 88 da mai 91.

WISC na biyar yana ba da manyan ma'aunai biyar: fahimtar magana, gane siffofi, tunanin warware sabon abu, riƙe abu a ka, da saurin aiki. Amfanin yana cikin kwatanta su da juna. Yaron da ya samu 112 a tunani amma 78 a saurin aiki, idan aka haɗa aka raba zai fito matsakaici, sai a ce ba shi da komai. Alhali shi ne wanda ya gane darasi sarai amma kullum ake karɓe takarda bai kai rabi ba.

Ƙaramin maki shi kaɗai bai isa a ce yaro yana da naƙasar basira ba. Dole a duba yadda yake tafiyar da rayuwarsa: yana wanka da sa tufafi da kansa, ana aiken sa ya dawo daidai, ya san canji, yana wasa da sa'o'insa? Kuma ba a maimaita gwaji iri ɗaya kafin aƙalla shekara guda, domin yaro yakan tuna tambayoyin, makin ya hau ba tare da wani abu ya sauya ba.

Cututtukan da ke barin tabo a ƙwaƙwalwa

A Turai yawancin yaran da ake kaiwa wannan gwaji matsalar karatu ko ta mai da hankali ce ke kai su. A yankinmu akwai ƙarin dalilai, domin wasu cututtukan da muke fama da su kowace shekara suna taɓa ƙwaƙwalwa.

Na farko zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, wanda ke zuwa da jijjiga da doguwar suma. Idan yaro ya farfaɗo ya tashi yana gudu, kowa sai ya yi hamdala a rufe zancen. Amma wani bincike da aka yi a asibitin Mulago na Kampala, a Yuganda, aka wallafa a 2008, ya bi sawun yara ƴan shekara 5 zuwa 12 da suka yi wannan ciwo. Bayan shekara biyu, kimanin kashi 26 cikin ɗari suna da rauni a aikin ƙwaƙwalwa, musamman wajen mai da hankali, alhali a cikin sa'o'insu da ba su yi ciwon ba kimanin kashi 8 ne. Wato ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma da ido ba za a gane su ba.

Na biyu sanƙarau. Nijar na tsakiyar yankin da wannan cuta ke addaba, kuma annobar 2015 kaɗai ta kama sama da mutum 8,000. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau mai tsanani sukan rayu da wata illa: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓɓai, ko wahalar koyo da tuna abu. Duk yaron da ya warke daga sanƙarau ya kamata a auna masa ji ba tare da jinkiri ba.

Na uku amosanin jini, wanda mutane ke kira emasi ko sikila. Kowa ya san ciwon ƙashi da yake sawa, amma kaɗan ne suka san abin da yake yi wa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Idan babu rigakafi, kimanin kashi 11 cikin ɗari na masu SS sukan samu shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20. Akwai kuma ƙananan toshewar jijiya da ba sa nuna wata alama a jiki, waɗanda ke samun sama da ɗaya cikin uku kafin shekara 18. Alamarsu sau da yawa a takardar sakamako take fitowa: yaron da ke cikin goman farko ya fara zamewa ba dalili. Ana iya gano masu haɗarin shanyewa da awon Doppler na jijiyoyin ka, wanda ake so a riƙa yi kowace shekara daga shekara 2 zuwa 16. Binciken da aka gudanar a asibitocin Kano ya nuna cewa maganin hydroxyurée yana rage wannan haɗari ga yaran da awonsu ya nuna matsala. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu wannan cuta, kuma iyaye na da haƙƙin su tambayi likita game da awon.

Na huɗu farfaɗiya. Ba kowace iri ce ke kayar da mutum ƙasa ba. Akwai wadda yaro zai yi tsai na ƴan daƙiƙoƙi, ido a buɗe, bai san abin da ake ciki ba, sannan ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Tana iya zuwa sau da dama a yini. A aji sai a ce ba ya saurare. Awon EEG na gano ta, kuma tana jin magani. Wasu magungunan farfaɗiyar ma, irin su fenobarbital, suna iya rage wa yaro kuzarin tunani ko su sa shi rashin natsuwa. Wannan ba dalilin daina magani ba ne, dalili ne na komawa wurin likita a yi masa bayani.

Sai tamowa a shekaru biyun farko, da ƙarancin jini, da rashin sinadarin iyod a gishiri, da wahalar haihuwa, da gubar dalma. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga bala'in dalma a 2010, lokacin da niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya kashe sama da yara 400, wasu da dama kuma suka rayu da lahani a ƙwaƙwalwa. OMS ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Wasu nau'o'in kwallin gargajiya da ake sa wa jarirai a ido suna ɗauke da ita.

Matsalolin da ake haihuwar yaro da su

Akwai yaran da ba su taɓa yin wata babbar cuta ba, amma an halicce su da wahala a fanni guda. Mafi shahara ita ce wahalar karatu, dyslexie, inda yaro mai cikakkiyar basira ke kasa haɗa harafi da sautinsa cikin sauri. Faransanci yana ƙara wa irin wannan yaro nauyi, domin sauti ɗaya ana rubuta shi o, au, eau, ko ot, alhali a Hausar boko galibi yadda aka rubuta haka ake furtawa. Ba a yanke cewa yaro na da wannan matsala sai ya yi kamar shekara biyu ana koya masa karatu yadda ya kamata. Akwai irinta a lissafi, da kuma a rubutun hannu.

Akwai kuma matsalar rashin mai da hankali da yawan motsi, TDAH, wadda ke shafar kimanin yara biyar cikin ɗari a duniya. Ba duk mai ƙiriniya ke da ita ba. Sai abin ya daɗe, ya bayyana a gida da lakwal duka, kuma yana cutar da rayuwar yaron. Gwajin ƙwaƙwalwa shi kaɗai ba ya tabbatar da ita, haka ma otizim. Yana dai ba likita hujjojin da zai haɗa da tarihin yaron da abin da iyaye da malamai suka gani.

Batun matasa

Gaban ƙwaƙwalwa, inda tsari da danne zuciya suke, shi ne na ƙarshe wajen nuna, yakan kai wajen shekara 25. Shi ya sa wasu matsalolin ba sa fitowa fili sai an shiga kwaleji. A firamare mushe ɗaya ne ke riƙe da aji, yana bin kowa. A kwaleji malamai sun yi yawa, kowa da aikinsa, sai yaro ya tsara kansa da kansa. Wanda ke da rauni a nan sai ya rushe a aji na 6e ko 5e.

Idan matashi ya sauya farat ɗaya, mai gwaji na ƙwarai zai bincika wasu abubuwan kafin ya taɓa katakai: faɗuwa a babur ba hular kwano, shan tramol ko wiwi, kwana kan waya, baƙin ciki mai tsanani, ko firgici. Yaran da suka ga kisa ko suka gudo daga garuruwansu, kamar waɗanda rikicin ƴan bindiga ya koro zuwa jihar Maraɗi tun 2019, ko na Diffa da Tillaberi, sukan kasa riƙe darasi alhali ƙwaƙwalwarsu lafiya take. Tsoro ne ya cika ta. Matashi kuma yana bukatar a gaya masa dalilin gwajin, a ba shi damar yin magana da masanin ba a gaban iyaye ba.

Ma'aunin Paris, yaron Tasawa

A nan ne babbar matsalar take. Makin 100 na WISC na Faransanci an samo shi ne daga yaran Faransa, masu jin Faransanci tun daga nono, waɗanda suka saba da littafin hotuna da wasan jera katakai tun suna rarrafe. Idan aka auna yaron Tasawa ko na Madawa da wannan ma'auni, ana iya auna Faransancinsa da sabonsa da takarda, a ce basirarsa aka auna.

Fassara tambayoyin zuwa Hausa ma ba ta kashe matsalar. A ɗauki maimaita lambobi. An daɗe da gano cewa yawan lambobin da mutum ke iya riƙewa ya danganta da tsawon lokacin furta su. Wani bincike na 1980 a yankin Wales na Birtaniya ya nuna cewa masu harshe biyu sun fi riƙe lambobi da Ingilishi a kan harshensu na gida, saboda sunayen lambobin Ingilishi sun fi saurin faɗa. To daga ɗaya zuwa tara, lambobin Hausa duka gaɓa biyu ne: ɗa-ya, bi-yu, bak-wai, tak-was. Na Faransanci kuwa kusan duka gaɓa ɗaya. Saboda haka ba daidai ba ne a yi gwajin da Hausa sannan a duba makin a jadawalin Faransa.

Haka lissafi. Yarinya mai tallan ƙosai, a yi mata cinikin dala talatin da biyar a ba ta dala ɗari, kafin ka ƙifta ido ta miƙo canjin dala sittin da biyar. A rubuta mata 500 a cire 175 a takarda, a yi tambayar da Faransanci, sai ta yi shiru. Lissafin ɗaya ne. Wanda bai san yadda muke ƙirga kuɗi ba zai rubuta cewa ba ta iya ɗebewa.

Masanin nan Robert Serpell ya gwada wannan a 1979. Ya sa yaran Zambiya da na Ingila su kwaikwayi siffofi iri ɗaya. Da fensir da takarda, na Ingila suka fi. Da lanƙwasa waya, na Zambiya suka fi. Da yumɓu, wanda duka suka saba da shi, suka yi kunnen doki.

Akwai kuma batun shekaru. Jadawalin makin yana tafiya ne da watanni, alhali yara da yawa a nan ba a yi musu takardar haihuwa kan lokaci ba, wasu kuma an rage musu shekaru don shiga lakwal. Iyaye su faɗa wa mai gwajin shekarun gaskiya, in ba haka ba duk lissafin ya karkace.

A ƙarshe, sai an koya wa yaro kafin a ce ya kasa koyo. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar ƙasa da ɗalibi ɗaya cikin goma ne ke kai matakin da ake so a karatu a ƙarshen firamare. Idan yawancin aji ba su iya karatu ba, matsalar ba a kan yaran take ba. Wanda ya kamata a damu da shi shi ne yaron da ya kasance baya sosai ga ƴan ajinsa, masu malami ɗaya da harshe ɗaya da shi.

Wasu ƙasashen Afirka sun nemi mafita. Masu binciken Yuganda sun yi amfani da gwajin KABC na Alan da Nadeen Kaufman, wanda bai dogara sosai kan magana ba, kuma suka kwatanta yaran da sa'o'insu na gida da unguwa. A Kilifi ta Kenya da kuma Malawi an tsara ma'aunan girman ƙananan yara da kayan da suka saba gani. Wannan aiki ne da ke jiran sassan nazarin halayyar ɗan Adam da na likitanci a jami'o'inmu: ma'aunai da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci, waɗanda aka gwada kan yaran ƙasar nan.

Kafin nan, iyaye su yi wa mai gwajin tambaya uku: da wane harshe za a yi, da waɗanne yara za a kwatanta ɗana, kuma me za a yi da sakamakon?

Bayan gwaji, sai me?

Rahoton da ya tsaya kan lamba kawai bai yi amfani ba. Na ƙwarai yana faɗin inda yaro ke da ƙarfi, inda yake da rauni, da abin da za a yi gobe da safe. Wani likitan yara ko na jijiya za a tura shi, wani wurin mai gyaran magana da karatu, wani tabarau ko na'urar ji kawai yake bukata.

Da yawa daga cikin shawarwarin ba sa cin ko dala. A dawo da yaron tebur na gaba. A ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya maimakon uku a haɗe. A rage masa yawan kwafe daga allo. A yi masa tambaya da baki idan rubutu ne ke kayar da shi. A ƙara masa lokaci: a Faransa ɗaliban da aka tabbatar da matsalarsu suna iya samun ƙarin kashi ɗaya cikin uku na lokacin jarrabawa. A daina sa shi karatu a gaban aji don a yi masa dariya. Duka kuwa ba ya gyara ko ɗaya daga cikin matsalolin da muka lissafa, tsoro ma yana ƙara toshe riƙon abu a ka.

Masu wannan ƙwarewa ba su da yawa a ƙasashen Sahel, kuma galibinsu a manyan birane suke. Amma hanyar tana farawa ne daga kusa. Duk wanda ɗansa ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya, ko ya sauya bayan zazzaɓi mai suma, sanƙarau ko buguwa a ka, ko yake yin tsai yana ɗauke wuta, ko ya kasance baya sosai ga ƴan ajinsa duk da ƙoƙarinsa, ya fara da asibitin unguwa, ya nemi a tura shi wurin likitan yara. Ya tafi da karnen asibiti da kaye-kayen lakwal. Ya rubuta abin da ya gani da ranar da ya gan shi. Idan jijjiga ce ko ɗaukewar hankali, ya ɗauki bidiyo da waya ya nuna wa likita. Kuma ya tafi tare da mahaifiyar yaron, domin ita ce ke riƙe da tarihin da gwajin zai fara da shi.